Shekarar da Na Shuka Attaruhu Ya Fito Tsiduhu

Za ku girma ku tarar ana ba da labarin nan a gidanmu na Fagge, musamman ranar suna ko biki, in mata sun cika tsakar gida ana gyaran kayan miya. Wata za ta ɗaga ɗan barkono sama ta ce a kira Malama ta faɗi sunansa, sai wuri ya kaure da dariya. Za a gaya muku uwarku ta gama makarantar 'yan mata ta kwana, tana karanta Turanci kamar ruwa, amma ta shuka attaruhu ta yi damina guda tana masa hidima kamar jariri, ya fito tsiduhu, ɗan siririn barkonon nan da ko a juji fitowa yake. Haka aka yi, ban musa ba, ni ma da ni ake dariyar. Sai dai labarin yana da gaba yana da baya, masu dariyar kuwa tsakiyarsa kaɗai suke ɗauka. Ke Binta yanzu kika fara haɗa magana, kai kuma Sani kana goye a bayana nake wannan rubutu. Ina so in kun iya karatu ku ji shi daga bakina, tun bai dusashe mini ba.

Mu uku ne a gidan a lokacin. Kakanku, Baba, akawu ne a ofishin En'e, wato hukumar gargajiya. Asalinmu Kazaure, gidan malamai, aiki ne ya kawo shi Kano. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, sai yayarsa Goggo Abu ta dawo gidan ta riƙe ni. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka babu mai kama sunana a cikinsu: Baba ya ce Uwata, Goggo ta ce Uwale. A farkon shekarar na fara koyarwa a wata 'yar firamare da ke bakin Fagge, daidai inda hanya ke shiga Sabon Gari. Ajin 'yan mata aka ba ni, kuma ina son aikin fiye da yadda nake nunawa a gida.

Da bazara Baba ya kwanta zazzaɓi. Ya tashi, amma bakinsa ya ƙi karɓar abinci, kome aka dafa sai ya ce kamar ƙasa yake tauna. Abu ɗaya ne ke sa ya ci tuwo, miyar da aka jefa wa wani attaruhu ruwan ɗorawa mai ƙamshi, wanda ba a samunsa a kasuwanninmu sai a kantin Mama Nkechi a Sabon Gari. Ɗan ƙaramin kanti ne na madarar gwangwani da sabulu da ashana da kananzir. A kan kanta take ajiye attaruhun cikin wata farar tasa, ƙanin mijinta da ke aikin jirgin ƙasa ne ke kawo mata daga garinsu. Hausarta ta fi ta wasu 'yan Fagge daɗi, Tica take kirana, kuma ba ta taɓa barina na tafi ba gyara ba.

Ranar wata Asabar da yamma ina cikin kantin, ta zuba mini attaruhun na ƙulle a bakin gyalena, sai muka ji hayaniya daga wajen Fagge. Rikicin nan ne da za ku ji manya suna ambata su yi shiru. Ba zan ba ku labarinsa ba, don abin da na gani kaɗan ne, kuma kaɗan ɗin ma ya ishe ni. Mama Nkechi ta ja ƙofa ta sa sakata, ta tura ni ƙarƙashin kanta tare da 'ya'yanta biyu, ta zauna a kan buhun gishiri tana addu'a da yarensu, ni ma ina yin tawa. Muna jin gudu, muna jin jifa a kan kwano. Da abin ya ɗan lafa gab da magariba, mijinta ya raka ni har inda 'yan sanda suka tsaya, su kuma suka tsallakar da ni. A bakin wata kwalbati na ga wani mutum a kwance, takalmi ɗaya a ƙafarsa. Har yau ban san ko namu ba ne ko nasu. Na isa gida Goggo ta rungume ni tana salati, sai da ta zo cire mini gyale ta ga hannuna a damƙe da ƙullin attaruhun, da ƙyar ta ɓanɓare yatsuna.

Gari ya kwanta, kasuwa ta ci, makaranta ta buɗe, ni kuwa na kasa fita. Ba wanda ya hana ni, wannan ku riƙe shi da kyau, don na ji ana cewa wai Baba ne ya kulle ni. Sai in yi wanka in shirya in ɗauki littattafaina, ina sa ƙafa a zaure sai tsoro ya kama ni, in juya in koma ciki. In mai talla ya ɗaga murya a waje sai na sami kaina a bayan ƙofar ɗaki ban san lokacin da na shiga ba. Hedimasta ya zo ya gana da Baba a zaure, mutumin kirki ne, ya ce zai haɗa ajina da na wani malami ya riƙe mini gurbina zuwa ƙarshen shekara, daga nan kuma dole ya nemi wata. Baba ya shigo ya faɗa mini a hankali, yana kallon carbinsa.

"Uwata, ba zan matsa miki ba. Amma yaran nan suna tambayarki."

Na ce to. Ban da to babu abin da na iya cewa a watannin nan.

Attaruhun da na zo da shi ana ta jefawa a miya ɗaya-ɗaya, har ya rage 'yan ƙwayoyi da suka nuna sosai suka fara yamushewa. Da na ga tasar da muka zuba shi ta kusa komawa wayam sai gabana ya faɗi, don na san in ya ƙare wani zai ce a je a sayo, kuma ni ce na san kantin. A nan dabara ta zo mini. Na ce in na shuka shi a gida, shi ke nan, babu abin da zai sake kai wani Sabon Gari saboda bakin Baba. Na zaɓi waɗanda suka fi nuna, na tsaga su da reza, na kankare 'ya'yan a kan faifai. Yinin ranar yatsuna suna raɗaɗi, na mance na sosa ido, na sha kuka mai dalili. Goggo ta ce kada in shanya a rana, zafin bazara zai soya su, sai na ajiye faifan a inuwar rumfa har suka bushe suna ƙaras-ƙaras. Ta murza su da toka mai sanyi ta zuba mini a wani ɗan ƙoƙo saboda ƙwari. Da ruwa ya zauna na tara kasaken tsofaffin tukwane, na cika su da ƙasa da takin awaki da ya ruɓe, na barbaɗa irin na rufe sama-sama, na jera su a gindin katangar madafa, na kife musu tsohon kwando saboda kaji.

Barkonon da muka sani ba ya wuce mako da 'yan kwanaki yake tsirowa. Nawa mako ya wuce, na biyu ya wuce, ƙasa shiru. Kullum da safe in ɗaga kwando in leƙa, da azahar in leƙa, har da tsinke nake tona gefe in ga ko ya ruɓe. Na daina cin abincin kirki. Ban san yadda zan bayyana muku ba, amma a raina na riga na ɗaura kaina da kasaken nan, in ba su fito ba to ni ma babu abin da zai sake fitowa daga gare ni. Goggo tana kallona daga bakin murhu.

"Uwale, za ki haƙa rami da idonki a kaskon nan. Taso ki tankaɗe mini gari."

"Goggo, ya mutu ko?"

"Wa ya gaya miki? Baƙo ne, sai ya gama kallon gari."

Bayan kamar mako guda da wannan magana, na ɗaga kwando wata safiya na ga kore ya rufe kasaken, 'yan kunnuwa bibbiyu sun miƙe. Na ƙwala wa Goggo kira har Baba ya fito da buta a hannu. Ran nan na cinye tuwona na nemi ƙari. Daga baya, da tsiron ya yi ganye huɗu-huɗu, sai wasu ƙanana suka riƙa leƙowa a ƙarƙashinsu, gajeru, ganyensu da ɗan faɗi, ba su da kuzari. A makaranta an koya mana a lambu cewa a cire raunana don masu ƙarfi su sami sarari, sai na zauna ina tsince su ɗaya bayan ɗaya ina watsa wa kaji. Goggo ta zo ta tsaya a kaina.

"Da kin bar 'yan ƙananan nan," in ji ta.

"Za su shanye wa manyan taki, Goggo."

Ta juya ta koma madafa. Na ji ta tana yi wa tukunya faɗa.

Na dasa manyan a jere daga madafa zuwa bakin rijiya. Damina ta yi kyau, suka tashi har gwiwata, suka yi rassa. Watannin nan su ne mafi kwanciyar hankali da na yi tun ranar Asabar ɗin. Na san kowane tushe, na san wanda tsutsa ke so, ina barbaɗa musu toka da sassafe, ina kafa wa masu kwantawa kara. Baba yakan shimfiɗa buzunsa kusa da su bayan la'asar yana karatu, wani lokaci ya ɗaga kai ya dube ni ya dubi zaure. Fure ya fito fari ƙanana, ya kaɗe, 'ya'ya suka biyo. Sai na ga sirara ne, kuma sama suke kallo, alhali attaruhu dunƙulalle ne, ƙasa yake rataya. Na ce wa kaina ƙuruciya ce, za su yi ƙiba. Maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi ta dube su ta dubi Goggo, Goggo ta harare ta, ta ɗauki turminta ta fita tana danne dariya. Ashe unguwa duk an sani.

Da kaka ta yi suka nuna jajir. Na tsinko ɗaya na murza na sansana, yaji ne tsagwaronsa, babu ko alamar ƙamshin nan. Na cika tafin hannuna na je na tsaya gaban Goggo tana tsince shinkafa.

"Goggo, mene ne wannan?"

"Barkono ne mana."

"Wane iri?"

Ta ajiye faifai ta goge hannu a zaninta.

"Tsiduhuna ne, na cikin tulun ɗaki. Ni na barbaɗa shi a kasakenki kina wanka. Kina ramewa a gabana kamar kazar da ta kwanta a kan dutse, me kike so in yi? Na ce ko ciyawa ce ta fito miki ki ci abinci."

"To nawa irin fa?"

Sai ta dubi kajin da ke kiwo a bakin rijiya. A nan na tuna 'yan gajerun nan masu faɗin ganye. Ashe bai mutu ba, jinkiri ya yi, ya fito ya tarar an riga shi, ni kuma da hannuna na tsince shi tas. Na zauna daɓas a ƙasa. Kuka ya zo, dariya ta zo, suka haɗu suka shaƙe ni, daga ƙarshe haushi ya kore su duka. Na ce to yanzu ina zan sami wani irin, tasa ta ƙare tun tuni. Goggo ta miƙe tana gyara ɗaurin ƙirji.

"Inda kika samo na farko. Ni na ɓata, ni zan raka ki. Gobe da hantsi."

"Goggo, ke da ko sau ɗaya ba ki taɓa shiga Sabon Gari ba?"

"To ai sai ki riƙe ni kada in ɓata."

Washegari ta yafa babban mayafinta na zuwa gaisuwar mutuwa, ta ƙulle tsiduhu a tsumma, ta tsaya a zaure ta miƙo mini hannu. Na ja na tsaya kamar yadda na saba, na dafa bango. Ta ce in na faɗi ita ba ta da ƙarfin ɗaga ni, kuma ga masu awon hatsi na ƙofar gida suna kallo. Ban san ko haushin ne ko kunyar masu awon ba, na dai ga ƙafata a waje. Rana ta yi mini yawa a ido. Goggo ta damƙe damtsena tana ta surutu ba tsayawa, wai kekuna sun fi mutane, wai wancan gidan bene wa zai hau shi da tulu. Da muka zo kwalbatin nan na rufe ido, ta ja ni muka wuce tana tambayata ko gaskiya ne matan Sabon Gari da wuƙa suke cin abinci.

An sake wa kantin ƙofa, sabon katako ko fenti ba a yi masa ba. Mama Nkechi ta rame. Ta ɗago ta gan ni, ta dafe ƙirji ta zagayo kanta da gudu ta rungume ni, tana warin kananzir da sabulu.

"Tica! Na aika a tambaya a makarantarku, aka ce kina gida ba lafiya. Me ya same ki?"

"Tsoro ne, Mama."

Ta sake ni ta dube ni, ta gyaɗa kai.

"Ni ma tun ranar ban taka Fagge ba. Man shanu ma sai dai in ba da saƙo, su kawo mini mai ruwa."

Goggo ta kwance tsummanta ta ajiye tsiduhun a kan kanta, ba ta miƙa mata a hannu ba, don a wajenta barkono hannu da hannu faɗa yake kawowa, ta ce wanda aka yi ya isa. Sannan ta zayyana mata labarin kasake kaf, har da kaji. Mama Nkechi ta yi dariya har ta zauna a kan buhu tana share hawaye.

"Hajiya, kin yi wa 'yarki wayo, kin ba kaji attaruhuna! Wannan ai ko a garinmu sai ya yi wata guda a ƙasa. Mahaifiyata cewa take sai ka manta da shi yake fitowa."

"To wa ya sani? Abin naku duk a hankali yake, sai yaji," in ji Goggo. "Kuma ban je Makka ba tukuna, Goggo ake ce mini."

Mama Nkechi ta zaɓo mini waɗanda suka fi nuna daga ƙasan tasa, ta ce in jiƙa irin ya kwana a ruwa kafin in shuka, in kuma ɗaure hannun Goggo. Jikokin waɗannan ne kuke gani a bayan madafa, waɗanda ake hana ku taɓawa. Goggo ta yi mata alkawarin man shanu na gaskiya, suka rabu suna ta sai an jima kamar sun shekara da sanin juna.

A hanyar dawowa muka biyo ta gaban makarantarmu. Ana cikin darasi, muryoyin yara suna fitowa ta taga suna bitar lissafi. Na sunkuyar da kai na ƙara sauri, sai Goggo ta tsaya cak a gindin dalbejiyar bakin ƙofa, ta zauna a kan saiwa ta miƙe ƙafafu.

"Wayyo ƙafata. Uwale, shiga ki roƙo mini ruwa."

"Goggo, gida ya kusa."

"Ya kusa a ƙafarki. So kike in mutu a titi a ce ƙishirwa ta kashe ni a ƙofar makarantar boko?"

Na dube ta, ta kawar da kai tana fifita da bakin mayafi. Matar da ke tafiya kasuwar Kurmi ta dawo da kaya a ka ba ta zauna ba. Na san abin da take yi, ita ma ta san na sani. Na ba ta ƙullin attaruhun ta riƙe, na shiga.

Randa tana bayan ajina ne, dole sai an wuce ta gaban ƙofarsa. Wata 'yar gaba-gaba mai suna Ladi ta hango ni, ta miƙe tsaye ba tare da an ce ta miƙe ba, sauran suka bi ta, suka gaishe ni da murya ɗaya. Malamin da ke riƙe da aji biyu ya leƙo, ya yi hamdala a fili, ya danƙa mini alli ya ce minti kaɗan zai duba nasa ajin ya dawo. Bai dawo ba. Na rubuta layin farko a allo, ya karkace, yaran ba su kula ba. Har yau tsoron yakan dawo mini wani lokaci, in an buga ƙofa da ƙarfi ko an yi ihu a titi, sai in dafa tebur in jira ya wuce. Ban warke sarai ba, kada wani ya gaya muku na warke. Amma ran nan na kai har aka kaɗa ƙararrawar tashi, hedimasta ya tsaya a bakin ƙofa ya ce gobe ƙarfe takwas, kamar jiya muka rabu.

Sai a lokacin na tuna da ruwan. Na ɗebo a moɗa na fito da sauri, na tarar gindin dalbejiya ba kowa. Mai gyaɗar da ke wurin ta ce ai tsohuwar tun shigata ta kakkaɓe zaninta ta tafi, da saurinta kuwa. Na tsaya da moɗa a hannu ina duban hanyar Fagge, mutane suna ta kai da kawowa, babu mai kallona. Na shanye ruwan, na mayar da moɗar, na kama hanya ni kaɗai.

Na iske Baba a zaure yana alwala. Ya dubi allin da ya ɓata mini hannu, ya ci gaba da wanke ƙafarsa, ya daɗe a kan ƙafa ɗaya. Goggo kuwa tana tsakar gida ta riga ta tsaga attaruhun tana kankare 'ya'yan a faifai, idanunta sun yi ja, ta ce wai yaji ne. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kin dawo? To ina ruwan da na aike ki?"